Jan Gizo a Tukwanen Fure da Garkunan Yamai

Jan gizo wani ɗan mitsitsin abu ne mai rai da ke zama a bayan ganye yana shan ruwansa. Babbar macen ba ta wuce rabin milimita a tsawo, namijin ma bai kai ta ba, shi ya sa mai shuka kan ga ɓarna tun kafin ya ga mai ɓarnar. In suka taru da yawa a ganye ɗaya, sai a ɗauka garin tonka aka barbaɗa, sai an zuba ido sosai a lura cewa garin yana tafiya. A Yamai ana samun sa a garkunan bakin kogi, irin na Gamkalle, Saga, Kirkisoye, Yantala da kwarin Gunti Yena, inda yake cin tumatir, yalo, gauta da dankalin turawa. Ana kuma samun sa a tsakar gida da cikin falo, a kan furen tukunya, da gwanda ko zogalen da aka dasa gefen wurin wanki.

Masana ba sa lissafa shi cikin ƙwari. Ƙwaro ƙafa shida gare shi, jan gizo kuwa in ya girma takwas yake da su, danginsa su ne gizo-gizo, kaska da kunama. Wannan bambanci yana da amfani ga mai riƙe da famfon feshi, domin yawancin magungunan da aka haɗa don tsutsa, fara ko ƙuda ba sa yi masa komai. Iri biyu ne suka fi damun manoma a wannan yanki. Na farko shi ne wanda ake kira Tetranychus urticae, wanda wani masani Bajamushe mai suna Koch ya bayyana a shekarar 1836. Launinsa kan zama kore mai ratsin rawaya da ɗigo biyu baƙaƙe a baya, wani lokaci kuma ja, kuma an same shi yana cin tsirrai fiye da iri 1,100 a duniya. Na biyu shi ne Tetranychus evansi, ɗan asalin Kudancin Amurka. An bayyana shi a 1960 daga tumatirin tsibirin Moris, aka gan shi a Zimbabuwe a 1979, daga nan ya bi gabashin Afirka har ya iso yammacinta, da Nijar a ciki. Shi ja ne mai haske, ya fi son dangin tumatir, kuma saƙarsa ta fi kauri.

Bakinsa allura biyu ne siraru da yake huda ganye da su ya zuƙe abin da ke ciki, har da koren sinadarin da shuka ke haɗa abincinta da shi. Duk inda ya huda sai wurin ya bar ɗan farin ɗigo. Alamar farko ke nan: a saman ganye a ga ɗige-ɗige ƙanana farare ko rawaya, galibi kusa da jijiyar tsakiya, galibi kuma a tsofaffin ganyen ƙasa. In aka juya ganyen, bayansa ya dushe, yana da ƙaiƙayi-ƙaiƙayi a yatsa, ga ƙananan ƙwai zagayayyu masu ƙyalli, ga fararen ɓawon da suka saɓule, ga baƙin kashinsu. Bayan ƴan kwanaki ɗigon ya haɗe, ganyen ya koma rawaya, ya yi ja-ja, ya bushe ya kakkaɓe. Saƙar da ke lulluɓe kan reshe ita ce alama ta ƙarshe. Duk wanda bai farga ba sai da ya ga saƙa, to ya makara da makonni, domin a lokacin dubbai ne a kan shuka ɗaya, kuma saƙar kanta tana tare ruwan magani ya kasa isa gare su.

Abin da ya sa yake gagara shi ne saurin haihuwa. Daga ƙwai ake samun ɗan tsako mai ƙafa shida, ya saɓule fata sau uku ya zama babba. In zafi yana wajen digiri 20, wannan tafiya kan ci fiye da mako biyu. In ya kai digiri 30, mako ɗaya ya isa. Mace kan rayu mako biyu zuwa huɗu, tana zuba ƙwai kowace rana, jimla wajen ɗari, nau'in da ke son tumatir ma yakan zarce haka. Ba ta ma buƙatar namiji kafin ta fara: ƙwan da ba a yi masa barbara ba namiji yake fitarwa, wanda aka yi wa kuma mace. Ke nan mace ɗaya tak da iska ta jefo kan tukunyar fure ta isa ta kafa zuriya, ta haifi maza, ta sadu da su, ta shiga haifar mata.

Yanayin Yamai ya yi masa daidai. Ruwan sama na shekara bai cika wuce milimita 600 ba, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba. Sauran watannin iska a bushe take. Da sanyin Disamba da Janairu haihuwarsa kan ɗan lafa, amma da zarar hunturu ya fara ja baya a Fabrairu, zafi ya taso, laimar iska ta faɗi ƙasa warwas, sai ya ɓarke, kuma daidai lokacin ne tumatirin rani ke ɗauke da ƴaƴa. Ƙura ma tana taimakonsa, domin tana hana ƙananan halittun da ke cin sa yawo a kan ganye, shi ya sa layin da ke bakin hanyar mota ko amalanke ke fara kamuwa. Shukar da ke jin ƙishi ta fi saurin faɗuwa, haka ma wadda aka ɗura wa takin ure fiye da kima, don ganyenta ya fi yi masa daɗi. Damina ce ke karya shi. Ruwa mai ƙarfi yana wanke shi daga ganye, laima kuma tana tayar da wani naman gwari da ke kashe shi. Sai dai furen da ke cikin falo ko ƙarƙashin rumfar kwano ba ya ganin damina. Ɗakin da na'urar sanyi ke aiki dare da rana iskarsa a bushe take duk shekara, don haka jan gizo ba ya samun lokacin da zai huta da cin furen ɗaki.

Ba shi da fiffike, amma yana tafiya mai nisa. In abinci ya ƙare, sai su hau can ƙololuwar reshe su dunƙule, iska ta kwashe su. Suna bin rigar mai aiki, hular kansa, kwandon tsinka da igiyar ɗaure tumatir. Hanyar da ta fi kowacce ita ce dashe: ɗan tumatir ko yalo da aka ciro daga gandun reno mai cuta, ko fure da aka sayo wurin masu sayar da itatuwa a bakin titi aka ajiye shi cikin ƴan uwansa a ranar. Tsakanin noma da noma kuma suna fakewa a ciyayi irin su gautan kaji, zaƙami, zurma da alayyafon daji, da tsohon yalo da aka bari tsaye bayan an gama tsinka.

Maganin farko dubawa ne, sau biyu a mako daga Fabrairu zuwa saukar damina. A juya ganyen ƙasa da na tsakiya, musamman a gefen da iska ke shigowa. Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya cin ko dala: a riƙe farar takarda ƙarƙashin reshe, a buga reshen da yatsa sau biyu ko uku, a jira kaɗan. Ƙura tana zama inda ta faɗi. Ɗigon da ya fara rarrafe shi ne jan gizo, in aka murje shi da yatsa sai ya bar zane ja ko kore. Wannan gwaji yana raba shi da wasu matsaloli masu kama da shi. Ganyen tumatir da ya nannaɗe ya ƙanƙance, cutar da farin ƙuda ke kawowa ce. Ganye da ya yi rawaya bai ɗaya ba tare da ɗigo ba, yawanci yunwar taki ce. Karan tumatir da ya yi launin tagulla daga ƙasa yana hawa sama, aikin wani ɗan uwan jan gizo ne da ido ba ya gani sam, shi kuma ba ya saƙa.

Ga furen tukunya, abin yi a bayyane yake. A ware tukunyar da ta kamu nesa da sauran. A yanke ganyen da suka lalace ƙwarai, a zuba cikin leda a ɗaure bakinta, kada a jefar gindin wata shuka. Sannan a fitar da tukunyar waje da sassafe, a karkata ta, a watsa wa bayan ganyen ruwa da ɗan ƙarfi, ta hanyar matse bakin tiyo da babban yatsa. A maimaita kowane kwana uku ko huɗu har mako uku, domin ruwa ba ya ɗauke dukkan ƙwai, kuma wanda ya rage zai ƙyanƙyashe. Yawancin masu cewa wanki bai yi aiki ba sau ɗaya suka yi suka bari. Furen da ke da faɗin ganye a goge shi da tsumma mai laushi da aka tsoma a ruwan sabulu, ganye bayan ganye, sama da ƙasa. Kariya, wadda ake dasawa a tukwane saboda jan furenta, tana cikin waɗanda jan gizo ke so, kuma da yake ita ma takan zubar da ganye da rani, sai a yi zaton halinta ne alhali ci ake yi. Wardi ma yana cikin na gaba wajen kamuwa. Duk sabon fure da ya shigo gida a ajiye shi shi kaɗai mako biyu zuwa uku ana dubawa kafin a haɗa shi da na gida.

Furen okid, wanda ake shigowa da shi jefi-jefi don ado a otal da manyan gidaje, yana buƙatar ƙarin kula. Asalin yawancin waɗanda ake sayarwa dazuzzuka masu laima ne na Asiya, don haka busasshiyar iskar Yamai tana raunana shi tun kafin wani abu ya taɓa shi. Alamar jan gizo a jikinsa ita ce bayan ganye ya yi fari-fari mai sheƙi, daga baya ya koma ruwan ƙasa. Akwai kuma wani nau'i mai shimfiɗaɗɗen jiki da ke cin okid ba tare da yin saƙa ba, yana barin ƙananan ramuka a ganye. Ana goge ganyen da tsumma kamar sauran furanni, sai dai kada a bar ruwa ya kwana a tsakiyar shukar inda sabon ganye ke fitowa, don wurin yana saurin ruɓewa. A tsane shi da ƙyalle, a ajiye tukunyar kan faranti mai tsakuwa da ɗan ruwa a ƙasa, nesa da bakin na'urar sanyi.

In ruwa kaɗai bai isa ba, sai sabulu da bedi. Ana narka giram 10 zuwa 20 na farin sabulu ko sabulun salo a lita ɗaya ta ruwa. Garin wanki irin na leda ba ya cikin wannan, yana ƙona ganye. Sabulu yana kashe wanda ya jiƙa ne kawai, da ya bushe aikinsa ya ƙare, saboda haka bakin famfo sama zai kalla, ya bi bayan ganye. Bedi kuwa, wato dogon yaro, Yamai ba ta rasa shi ba: shi ne mafi yawa a dajin da aka fara dasawa kewaye da birnin tun 1965, ga shi kuma a kusan kowace unguwa yana zubar da ƴaƴa ana sharewa. A 1959 wani masani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa fara ta cinye komai ta bar bedi, kuma a 1968 aka ware sinadarin da ke yin wannan aiki daga ƙwallonsa. Ƙarfin yana cikin ƙwallo fiye da ganye. A tsinci nunannun ƴaƴa, a wanke naman, a shanya a inuwa, a daka. Rabin kilo na garin a jiƙa a lita 10 ta ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle mai kyau don kada ya toshe famfo, a ƙara ɗan ruwan sabulu, a fesa da yamma in rana ta yi sanyi, domin hasken rana yana lalata sinadarin. Wanda ke da man bedi, ƙaramin cokali ɗaya a lita ɗaya ya isa, a kaɗa shi da sabulu har ya haɗu da ruwan. Ba a ajiye haɗin, ranar da aka tace ranar ake fesawa, kuma a maimaita kowane kwana biyar zuwa bakwai. Ga fure mai tsada, a gwada a ganye biyu a jira kwana biyu kafin a fesa wa duka. Bedi ba ya kashewa nan take. Yana hana ci, yana rage ƙwai, don haka amfaninsa a farkon kamuwa ne.

A garka, tsabta ta fi feshi tasiri. Gandun reno ya yi nesa da tsohon tumatir da yalo, kuma kada ya kasance a gefen da iska ke kwaso ƙura daga gare su. A fara aikin safe daga fili mai lafiya, a ƙare a mai cuta. Shukar da saƙa ta rufe ba ta da sauran amfani, a tuge ta a sa cikin buhu nan take, kada a ja ta a ƙasa tsakanin layuka. In an gama tsinka a tuge komai a ƙone ko a binne, a nome ciyayin gefe, a bi da albasa, tafarnuwa ko masara kafin a komo da dangin tumatir. Masu ban ruwa da bokitin feshi suna da wata dama da masu kwararo ruwa a ƙasa ba su da ita, tunda suna jiƙa ganye suna wanke ƙura, sai dai a yi shi da safe don ganyen ya bushe kafin dare. Wahalar garkunan Yamai ita ce a manne suke da juna. Mutum ɗaya da ya bar tsohon yalonsa tsaye ya isa ya cika maƙwabta goma, don haka tugewa aiki ne da ya kamata ƙungiyar masu garka ta tsayar wa rana.

Babbar ɓarna kuwa daga famfon feshi take fitowa. Mai garka ya ga ganye na rawaya, ya je kasuwa, a miƙo masa kwalbar da ke kusa, galibi mai ɗauke da lamda-sihalotirin, sifametirin ko deltametirin. Waɗannan an yi su ne don ƙwari. Abin da suke kashewa a kan ganyen shi ne maƙiyan jan gizo: wani ɗan ƙaramin baƙin buzuzu da shi da tsutsarsa ba su da abinci sai shi, da wasu ƴan uwansa masu dogayen ƙafafu da ke farautarsa, da ƙananan gizo-gizo. Jan gizon da ke ɓoye a bayan ganye ya tsira, ya wayi gari ba mai cin sa. Bayan kwana goma abin ya ninka, mai garka ya ce maganin ya yi rauni, ya ƙara murfi biyu, ya gauraya da wani. An kuma tabbatar a gwaji cewa wasu magungunan ƙwari, irin su kabaril da imidakilofirid, suna iya sa macen ta ƙara yawan ƙwai. Ga shi kuma saurin haihuwarsa yana sa ya saba da guba da wuri: an rubuta cewa nau'in farko ya gagari sinadarai fiye da 90, abin da ya sa yake sahun gaba a duniya wajen jure magani. Mafi muni shi ne piya-piya da wasu ke fesa wa kayan miya ko furen cikin ɗaki. Guba ce mai tashi a iska, tana shiga ta numfashi da fata, ba ta da wuri a ɗakin da yara ke kwana, ba ta da wuri a kan tumatirin da za a kai kasuwar Katako gobe.

In dole sai an sayi magani, a nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa na jan gizo ne, mai ɗauke da lambar amincewar kwamitin tantance magungunan feshi na ƙasashen Sahel (CILSS), wanda mazauninsa ke Bamako. Wanda aka fi samu shi ne mai sinadarin abamektin, giram 18 a lita. Yana ratsa ganye ya iske masu tsotso, amma ba ya kashe ƙwai, don haka ana sake fesawa bayan mako ɗaya, kuma kada a wuce sau biyu a jere ba tare da an canja zuwa wani sinadari ko an koma bedi ba. Yana kashe ƙudan zuma da kifi, saboda haka ba a fesa shi da hantsi lokacin da zuma ke kan fure, ba a kuma wanke famfo a kogi ko a bakin rijiya. Farar wuta ta feshi ma tana aiki, sai dai tana ƙona ganye in zafi ya haura digiri 32, ba ta jituwa da kankana da kokwamba, kuma ba a bin ta da man bedi sai an bar aƙalla mako biyu. A Afrilu da Mayu, da zafin Yamai ke wuce digiri 40, barin ta ya fi. Kowane ne aka ɗauka, awon da ke jikin kwalba shi ne awo, a rufe hannu, hanci da ƙafa, a kuma cika kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da tsinka. Furen cikin gida ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. In tukunya ɗaya ta gagari ruwa, sabulu da bedi, jefar da ita ya fi sauƙi a kan lafiyar mutanen gida.

A wasu ƙasashe maƙiyan jan gizo har sayar da su ake yi. Wanda ya fi shahara, Phytoseiulus persimilis, ya shiga Jamus ne a 1958 bisa tsautsayi, a jikin saiwar furen okid da aka kawo daga Cile, kuma kafin ƙarshen shekarun 1960 manoman kokwamba a Holan sun fara kiwonsa suna sakewa a gidajen gilashi maimakon feshi. Yana son laima, kuma ba ya iya wa nau'in jan gizon tumatir sosai, don haka ba shi ne amsar Sahel ba. Amma a kusa da nan an ga irin wannan dabara ta ci. Wani koren ɗan uwan jan gizo mai cin rogo ya bayyana a Yuganda a 1971 ya bazu a nahiyar, sai cibiyar binciken noma ta IITA ta kawo maƙiyinsa daga Barazil ta sake shi a Benin a 1993, ya bi gonakin rogo da kansa ya rage ɓarnar ƙwarai. Maƙiyan da ke garkunan Yamai ba a saye su ba, suna nan tun asali, abin da suke buƙata kawai a daina fesa musu guba ba dalili.

Wanda bai tabbatar da abin da ke cin shukarsa ba, kada ya sayi kwalba tukuna. Ya tsinki ganye uku ko huɗu, ya sa a farar leda ya ɗaure, ya kai wa malamin gona na yankinsa, ko ma'aikatar kare tsirrai, ko masu bincike na INRAN. Ƙungiyar manoma ta RECA ma tana da cibiyar ba manoma shawara ta waya da Hausa da Zabarmanci, ana aika mata hoto ta WhatsApp. In za a ɗauki hoton, a ɗauki bayan ganyen, a kusa, cikin haske.